Sahib da Sahibi a Tashar Ragunan Jidda

Tun da na dawo daga Jidda ban huta da tambaya ba. A masallaci, a kasuwar dabbobi ta Gusau, har a wurin zaman makoki, sai an sami mai jawo ni gefe ya ce, "Likita, yaya ƙasar take?" In na fara ba da labari kuma sai a katse ni da tambayar yadda ake sayar da zinariya, alhali ko zoben azurfa ban sayo ba. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta ya bar ni in sha iska. Sai dai ku sani ni likitan dabbobi ne, aikin raguna ya kai ni, don haka kada wanda ya yi tsammanin labarin manyan otal.

Wani kamfani ne mai shigo da dabbobi yake ɗaukar ƙarin likitoci in aikin Hajji ya gabato, domin duba ragunan hadaya da jiragen ruwa ke saukewa. Wani abokin karatuna ya ba da sunana, aka aiko mini da biza. Na bar Gusau a fijo ta haya, mahaifiyata ta cika mini jaka da kuka da daddawa da kilishi kamar wanda za shi ƙasar da ba a girki. Taya ta fashe mana bayan Tsafe, direba ya ce safayarsa ma faci ce, muka zauna gindin bishiya muna kallon motoci suna wucewa. Na isa Kano a gajiye, na kwana gidan ƙanena, washegari na hau jirgi.

A filin jirgin Jidda na fara cin kunya. Ma'aikacin kwastan ya buɗe jakata ya ɗago kilishi, ya dubi takarduna ya ga an rubuta likitan dabbobi, ya sake duban kilishin, ya girgiza kai. Ni da na zo hana cutar dabbobi shiga ƙasa, ga ni ɗauke da nama a jaka! Ya jefa shi kwandon shara ina ji ina gani. Da ya kwance ƙullin daddawa kuwa, sai ya toshe hanci ya ja da baya, ya ce, "Halas, halas, yalla!" Wato ya isa, in wuce. Warin daddawa ne ya cece ta.

Kafin nan mun daɗe a layin duba fasfo. Mu da Indiyawa da 'yan Bangaladash muna zaune a ƙasa, wasu Turawa kuma da suka sauka bayanmu aka bi da su ta gefe suka fice. Wani dattijo Ba'indiye da ke kusa da ni ya bi su da kallo, ya miƙo mini ƙwayar wani abin ƙamshi in tauna. Direban kafili, wato kamfanin da ya ɗauki nauyin zamana, ya karɓe fasfona a bakin ƙofa ya ce sai iƙama, wato takardar izinin zama, ta fito. Na ji babu daɗi, amma aka ce haka ake yi wa kowa.

An sauke ni a Sharafiyya, unguwa mai cunkoso da kantuna, a wani bene da ke saman shagon yadi. Ƙofata tana kallon ƙofar Dakta Zahir, babban likitan da zan yi aiki a ƙarƙashinsa. Ba'indiye ne Musulmi, mutumin Laknau, siriri mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya ko da rago ya take masa ƙafa. Iyalinsa suna Indiya, shi kaɗai yake zaune. Ranar farko na tambaye shi ko zan iya amfani da risho ɗinsa, ya kaɗa kai hagu da dama. Na ɗauka ya ƙi, na koma ɗaki na ci busasshen burodi ina gunaguni. Sai can ya ƙwanƙwasa ƙofa da risho a hannu, yana mamakin me ya hana ni zuwa. A wurinsu wannan kaɗa kan "to" ne.

Abincin safe a Jidda wake ne da aka dama ya yi laushi, a zuba mai, a ci da faffaɗan burodi mai zafi da 'yan Afganistan ke gasawa a tanderu. Da rana shinkafa da kaza, da dare ma shinkafa da kaza. Dakta Zahir ya tausaya mini ya riƙa kiran ni cin abincinsa, kuma ni da nake taƙama da cin yaji a gida, sai da na yi hawaye a kan shinkafarsa. Tuwo kuwa sai ranar Juma'a, a Karantina, unguwar mutanenmu da ke kudancin gari. Can na sami Hajiya Rabi, wadda iyayenta 'yan Damagaram ne amma a Jidda aka haife ta. Hausarta rabi Larabci ce, tuwonta kuwa ko a Gusau sai an tona. Na kai mata daddawata, ta rungume ƙullin ta ce, "Ya salam! Wannan ta gida ce, ba irin wadda ake kawo mana ba."

Shugabanmu a wurin aiki Bature ne ɗan Ingila, Mista Dankan. Leburorinmu 'yan Nijar da Cadi, masu koro raguna daga jirgi zuwa garke, ba su wahalar da harshensu ba, suka mai da shi Ɗan Kano. Dogo ne mai jan fuska, ya kusa sittin, yana zaune a rukunin gidajen Turawa mai katanga a arewacin gari. Ya san aikinsa, kuma ba shi da wulaƙanci. A Indiya aka haife shi, a garin su Dakta Zahir ma, inda ubansa ya yi aikin jirgin ƙasa zamanin mulkin Ingila. Yana yaro aka ba Indiya 'yanci suka koma ƙasarsu, amma har gobe in ya ce "gida", Laknau yake nufi. Akwai kabarin ƙanwarsa a can, wadda zazzaɓi ya kashe tana jaririya, kuma bai taɓa komawa ba.

Wannan shekarar ce ta ƙarshe gare shi, bayan Hajji zai yi ritaya. Burinsa ɗaya ne, kuma kowa a tashar ya sani: Dakta Zahir ya tafi da shi Laknau in zai je hutu, ya sauke shi a gidansu, ya raka shi ya nemo gidan da aka haife shi da kabarin yarinyar. Yana iya zuwa shi kaɗai ya sauka a otal, amma ya ce ba ya son ya koma garinsu a matsayin ɗan yawon buɗe ido. Shekara da shekaru yana roƙo. Kullum amsar Dakta Zahir ɗaya ce: "Insha Allah, Sahib."

Wannan kalma ta Sahib ita ta yaudare ni. Mu a Hausa sahibi amini ne. Sai na riƙa kallonsu ina sha'awa, ga Bature da Ba'indiye sun daɗe tare har ɗaya yana kiran ɗaya sahibinsa. Ga shi kuma Dankan yana jin harshensu, in aiki ya yi zafi sai ya bar Turanci ya ɗaga murya, "Zahir, idar awo! Jaldi karo!" Na tambayi wani ya ce mini ma'anarsa "zo nan, yi sauri". Na ga dai Dakta Zahir yakan tsaya cak na ɗan lokaci kafin ya tafi, kuma da Turanci yake mayar da amsa ko yaushe. Ban kawo komai a raina ba.

Ku da kuka san ni kun san ba na iya ganin abu ya tsaya ban sa baki ba. Na ce bari in haɗa su a kan tuwo, wataƙila in ciki ya cika maganar tafiyar ta faɗa. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci na kwashe su zuwa Karantina. Hajiya Rabi ta shimfiɗa mana tabarma a zaure, ta leƙo ta ga Bature ya naɗe ƙafa, ta ce mini, "Likita, hada Nasara zai iya miyar kuka? Kar ya mutu mini a gida, ma indi iƙama ta gawa." Wato ba ta da takardar izinin ajiye gawa. Dankan ya ci tuwo da hannu, miya tana bin gwiwar hannunsa, har ya nemi ƙari. Da na ga an saki jiki sai na gyara murya.

Na ce da Turanci, "Ni abin da ke burge ni da ku shi ne wannan suna da Dakta Zahir ke kiran ka. Mu ma a harshenmu sahibi aboki ne na ƙut da ƙut. To tunda sahibinka ne, Dakta, me zai hana ka kai shi gida bana?"

Dakta Zahir ya ajiye lomar da ya ɗauko. Fuskar Dankan, da ma ja ce, ta ƙara ja har kunnuwa. Hajiya Rabi ta ji shiru ya yi yawa, ta ɗaga labule ta ce, "Esh fi? Gishiri ne ya zarce?" Na ce a'a Hajiya, tuwo ya yi. Na san na taka wani abu, amma ban san mene ne ba.

Dankan ya shiga motarsa ya tafi. Ni da Dakta Zahir muka hau tasi zuwa Balad, tsohon gari, wai zai sayi turare. Muna tafe a lungunan nan masu tagogin katako sai ya ce, "Dakta Lawal, ba laifinka ba ne. A Larabci kalmar aboki ce, mu ma daga can muka samo ta. Amma da Ingilishi suka zo ƙasarmu suka zauna a kanta, har ta koma ubangida. Kuku yana cewa Sahib, mai gadi yana cewa Sahib, alƙali ma in ya ga Bature Sahib zai ce."

Na ce to me ya sa yake kiran Dankan da ita, tunda mutumin ya sha roƙon a kira shi da sunansa?

Ya ce, "Saboda da harshen da yake mini magana, amsar da ta dace ke nan." Ya bayyana mini cewa a harshensu akwai "tum" da ake ce wa yaro ko bara ko abokin wasa, akwai kuma "ap" da ake ce wa wanda ake girmamawa, kuma mutanen Laknau sun fi kowa tsanani a kan wannan. Dankan a bakin masu aikin gidansu ya koyi harshen, yana ɗan ƙarami yana aiken su. Bai san komai ba sai zo, tafi, kawo, yi sauri.

Sannan ya ba ni labarin mahaifinsa, wanda yake raye har lokacin, tsoho tukuf. Malamin makaranta ne. Wata rana zamanin Turawa ya je gidan wani jami'i a kan maganar makaranta, da rigarsa mai tsabta, aka tsayar da shi a waje. Wani ɗan Bature da bai wuce shekara shida ba yana wasa a baranda, ƙwallonsa ta faɗa cikin kwata. Yaron ya nuna malamin da yatsa ya ce, "Kai, zo nan, ɗauko." Akwai ɗalibansa biyu a bakin ƙofa suna kallo. Ya sunkuya ya ɗauko.

"Ban ce Dankan ne ba," in ji Dakta Zahir. "Yaran nan suna da yawa a lokacin. Amma mahaifina ya manta sunayen jikokinsa, bai manta muryar yaron nan ba. Yaya zan shigar masa da ita har ɗakinsa? Mutumin kirki ne, na sani. In na ce ba na ƙaunarsa na yi ƙarya. Amma duk sanda ya buɗe baki da harshenmu, sai in ji ni a bakin ƙofar nan."

Sai kakana ya faɗo mini a rai. Shi ne Sarkin Fawan garinmu, mutum mai kwarjini, amma mahaifina ya ce ya sha ganin sa durƙushe gaban Di'o Bature, saurayin da bai kai ɗansa ba, yana cewa "Zaki!", shi kuma yana ce masa, "Kai, tashi." Mu mun mai da wannan abin dariya a hira. Ban sani ba ko mun fi su saurin yafiya ne, ko don sun fi mu daɗewa a hannun Ingilishi nesa ba kusa ba, ko kuwa mun rufe ne kawai ba mu waiwaya ba. Abin da na gani dai shi ne, ga mutum biyu da ba su yi wa juna komai ba, ɗaya yana yaro lokacin, ɗaya ko wayo bai yi ba, amma abin yana zaune tsakaninsu a kowace gaisuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar.

Washegari muna cikin garke muna duba bakin raguna da kofatansu, Dankan ya matso kusa da ni ya ce, "Lawal, na san abin da Sahib ke nufi, ba yaro ba ne ni. Abin da ban sani ba shi ne me na yi masa." Na yi ta kewaye-kewaye, daga baya na ga ba amfani. Na ce masa mu a Hausa akwai "kai" akwai "ku", kuma wanda ya shiga gidan dattijo ya ce masa "kai, zo nan", ko da zinariya ya zo ba za a so ganin sa ba. Na ce Indiyancinsa duka "kai" ne.

Da farko ya hau. Ya ce ubansa ya ba da ƙuruciyarsa wajen shimfiɗa musu layin dogo, ya ce shi bai mulki kowa ba, ya ce matar da ta rene shi ta fi uwarsa son sa, kuma a bakinta ya koyi kowace kalma. Na tambaye shi sunanta. Ya ce Aya suke ce mata, wato mai reno, bai taɓa jin wani suna ba. Yana riƙe da ƙahon wani rago ya ce a hankali, "Ashe tun da na fara magana umarni nake ba ta, ita kuma tana ce mini Sahib." Ya saki ragon ya fita daga garken.

Daga nan aiki ya rufe mu. Jirage daga Sudan da Somaliya da Ostareliya suna ta sauke raguna, mu duba, mu ware marasa lafiya mu killace su, sauran a loda a manyan motoci zuwa Makka. Ba mai lokacin hira. Amma wata rana da hantsi Idi, shugaban leburori, mutumin Maraɗi, ya zo yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Likita, zo ka gani, Ɗan Kano ya zare. Raguna yake gaisarwa!" Na leƙa bayan rumfar killacewa, sai ga Dankan da 'yar rediyon kaset a aljihu, ya ɗan rusuna gaban wani ƙaton rago ɗan Sudan, yana maimaita, "Ap tashrif layiye." Ragon yana tuƙa yana kallon sa. Daga baya na ji ma'anarta kamar a ce "ku ƙaraso da martabarku". Na ce wa Idi ya rufe bakinsa, kada Dakta Zahir ya ji. Ya yi alkawari, ko da yake alkawarin Idi bai cika kwana ba.

Allah ya nufe ni da sauke farali a wannan shekarar, ni da Dakta Zahir, Dankan ya riƙe tashar tunda shi ba ya shiga Makka. Wannan labari ne mai zaman kansa. Da muka dawo garake sun zama wayam, sai 'yan ragunan da aka killace. Ranar da Dankan zai miƙa makullai muka taru a ofis, aka sha shayi, aka yi jawabai. Da mutane suka watse muka rage mu uku, sai ya miƙe tsaye, ya cire hularsa ta rana, ya fuskanci Dakta Zahir. Ya yi magana da harshensu, a hankali, yana tuntuɓe, kuma ko ni na ji "ap" tana fitowa sau da yawa. Daga baya Dakta Zahir ya fassara mini: "In kun yarda, ina roƙon izinin in zo in gaida mahaifinku. In ba ku yarda ba, ba zan ƙara tambaya ba."

Dakta Zahir ya kalli tagar da ke fuskantar teku. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa gyara ne, ya ce kalma ta biyu ba haka ake furta ta ba. Dankan ya maimaita, ya sake gyara masa, ya sake maimaitawa. Sannan ya ce da Turanci, "Mahaifina zai ba ka labarin wata ƙwallo. Yana da tsawo, kuma yakan maimaita. Za ka zauna ka ji shi har ƙarshe, ba za ka kawo maganar layin dogo ba."

Dankan ya ce, "Zan zauna."

"Kuma ban yi maka alkawarin zai so ka ba."

"Na sani."

Dakta Zahir ya ɗauki jakarsa ya nufi ƙofa. Da ya kai bakinta ya waiwayo ya ga Baturen yana nan tsaye da hula a hannu, bai san ko an sallame shi ba. Sai ya ce da Larabcin Jidda, irin na direbobin tasi da su Hajiya Rabi, yana fito da harafin "h" daga can cikin maƙogwaro, "Yalla, ya sahbi." Wato mu je, abokina. Dankan ya juya mana baya yana neman hankici, ni kuma na sami abin dubawa a ƙasan tebur.

Ni na riga su barin Jidda. Kafili ya maido mini da fasfona, Hajiya Rabi ta ba ni dabino in kai wa mahaifiyata, ta ce in na sake zuwa ban riƙo daddawa ba kada in nufo ƙofarta. Dakta Zahir ya raka ni filin jirgi. Ban san yadda suka ƙare da tsohon ba, don haka kada ku tambaye ni. Amma kafin in shiga layi na kasa haƙuri, na ce, "Dakta, kalmar nan ɗaya ce fa. Me ya sa ka faɗe ta da Larabci, ba da harshenku ba?"

Ya kaɗa kai hagu da dama, irin kaɗawar da yanzu na gane. Ya ce, "Kai ma likita ne, Dakta Lawal. A harshenmu kalmar nan tana killace har yanzu. Ba ta gama warkewa ba."